Kunnen Baba da Hannun Yayana

Gidanmu gidan fawa ne, a Madarunfa, ta bayan kasuwa. Da damina mu yi noman gero da gyaɗa kamar kowa, ranar kasuwa Baba ya yanka awaki biyu ko uku, in kaka ta yi kyau ya kayar da sa. Dambe kuwa gadonmu ne, kamar yadda yake gadon kowane gidan mahauta. Ni kaɗai na kuɓuce masa, don shekarar da aka zo ɗibar yara a kai lakwal, wato makarantar boko, manyan gari suka ɓoye nasu, aka miƙa ɗan mahauci. Haka na zama mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, ina koyar da yara a garinmu, da hannu mai laushi wanda ake yi wa dariya a gida. Yayana, wanda ya girme ni da shekara biyu, shi ya kwashe hannun gidan duka, nasa da nawa.

Shi ne ɗan fari. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, kuma har na girma ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ko Inna ba. In Baba yana son ya riƙe masa igiyar sa, sai ya dubi bango ya ce, "A ce ma wancan shi riƙe igiya," ko da wancan ɗin yana tsaye a gabansa. Ni kuwa kwano ɗaya nake ci da Baba, ina yaro har gemunsa nakan ja. Ba wanda ya ga aibun wannan a garin. Kunyar ɗan fari ce, uban da ya rasa ta shi ake nunawa da baki. Ni ma ban ga aibunta ba sai da na kai shekara ashirin da 'yan kai.

'Yan shekaru bayan Faransawa sun miƙa mulki ne hannun Yaya ya fito. Lokacin gyaɗa tana kuɗi, samari suna da kuzari, da an gama yankan gero sai kalangu ya tashi a filin bayan kasuwa, tun la'asar har rana ta yi ja. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da ƙyalle, a bi shi da zare har ya yi tauri, ɗaya hannun ya bar shi a buɗe don kariya. Turmi uku ake yi, wato karawa uku, kuma duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an yi kisa. Yaya ba ya son turmi uku. Ba ya rawa, ba ya zagaye fage yana kirari. Ya tsaya ne, ya duƙa kaɗan, ya jira mutum ya ɗaga haɓa. Ko ina bayan taro ban ga komai ba, in na ji ƙarar na san shi ne, don takan fito ne kamar an jefo buhun gyaɗa daga saman kamyo, babbar motar kaya.

A gefen rumfar da Baba yake sayar da nama akwai gawo, ƙarƙashinsa tsofaffi huɗu ko biyar suke zama ranar kasuwa, duk tsofaffin 'yan dambe. Aikinsu ɗaya ne: auna Yaya da mutanen da. Akwai wani dogo mutumin garin Sarkin Yamma da ake cewa yana naushin mutum tun kafin mutumin ya san an fara. Shekarar farko suka ce Yaya bai kai shi ba, shekara ta biyu suka ce ya wuce shi. Akwai wani maƙeri na bakin gulbi, shi ma aka yi gardama kaka guda aka bar wa Yaya. Sai wani bahago mutumin Safo, wanda ya rasu tun kafin a haife mu. Nan ma'aunin yake tsayawa. Kowace shekara labarin bahagon yana ƙara ƙiba. Bara ya kayar da mutum uku a yini ɗaya, bana sun zama bakwai. Abin yana ba ni haushi, na taɓa gaya musu cewa matacce ba ya faɗuwa a fage, shi ya sa ba a iya wuce shi. Suka ce ɗan lakwal ya yi shiru, manya na magana.

Amma ko su sun san iyakar saninsu. In gardama ta yi zafi, babbansu, wani mai haƙori ɗaya a sama, yakan ɗaga sanda ya ce, "Mu da ido munka gani. Mutum guda ya saura wanda ya ji a jikinai." Sai duk su juyo su dubi rumfarmu.

Baba ne mutumin. Yana saurayi ya kara da bahagon a Safo, aka ɗauko shi a kan jaki, kuma tun daga ranar kunnensa na dama bai ƙara jin komai ba. Duk sauran da bahagon ya taɓa bugu sun tsufa sun mutu. Saboda haka a duk faɗin ƙasarmu mutum ɗaya ne zai iya cewa ga wanda ya fi nauyin hannu tsakanin bahago da Yaya, kuma mutumin nan shi ne wanda al'ada ta hana ya ambaci ko sunan Yaya, balle ya yabe shi. Bai taɓa zuwa kallon dambensa ba. In an fara kiɗa sai ya ɗauki buta ya nufi bakin tabki.

"To, mai nama," in ji tsohon mai sanda, "mi kaka gani? Ɗanka ya kai, ko da saura?"

Baba sai ya juya musu kunnen dama, ya ci gaba da sara ƙashi. In suka matsa ya ce, "Hanta kuke so ko tumbi?" Su yi dariya, a watse. Yaya yana can bayan rumfa yana fiɗa, yana jin komai.

Tun daga nan zama ya gagare shi. Mutumin da yake iya yini a gona bai ɗaga kai ba, ya koma in ya zauna ƙafarsa tana kaɗawa. Ya ci tuwo a tsaye. Ya fara aiki ya bari a rabi. In ya ji ana dambe a Safo sai ya tafi da ƙafa, ya dawo da yamma, washegari ya ji na Sarkin Yamma ya sake kama hanya. Da 'yan damben kusa suka fara gudunsa sai ya koma Ɗan Isa, inda masu dako da yaran mota suke taruwa a bakin duwan, wato kwastan na kan iyaka, daga nan ya tsallaka Jibiya. Gyaɗarsa tana tare a gona ba a sussuka ba, awaki suna ɓarna. Duk inda ya je ya yi kisa, kuma duk dawowar da zai yi, kafin ya sha ruwa sai ya ja ni gefe.

"Ya ji labari?"

"Ya ji, Yaya. Gari duka ya ji."

"Mi ya ce?"

"Bai ce komi ba."

Sai ya tsaya yana murza hannun, ya dubi ƙofar zaure, ya ce an ce akwai wani a gaba da Jibiya wanda ba a taɓa kayarwa ba.

Na gaji da wannan tambayar, gaskiya, har nakan ɓuya in na hango shi. Kuma na fara jin tsoro. Gaɓoɓin hannunsa na dama sun kumbura ba sa saɓewa, da safe sai ya sa hagu ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. A kaka ta huɗu ya dawo daga Ɗan Isa da jini a kwance cikin idon hagu. Ya kayar da mutumin, amma mutumin ya bar masa shaida. Na lura in ana miƙa masa ƙwarya ta wannan gefen sai ya juyo da kai duka kafin ya karɓa.

Na je na sami Baba yana wasa wuƙa a tsakar gida, na zauna ta kunnen hagu.

"Baba, idon Yaya ya taɓu. In ba a tsai da shi ba zai rasa shi. Magana guda yake jira."

Bai bar wasa wuƙar ba. "Mushe," ya ce, "tahi ka tambayi ɗiyan lakwal ɗinka, su ne aikinsu amsa tambaya."

Na fita raina a ɓace. A ganina a lokacin taurin kai ne kawai, tsoho ya fi son mutuncinsa a gindin gawo da idon ɗansa. Na kuma ga kamar ni da na yi karatu na fi su duka dabara. Tunda magana ɗaya ce maganin, me zai hana in kai ta da kaina?

Da hantsi na iske Yaya a bakin tabki, ya tsoma hannun cikin ruwan sanyi, masu kamun kifi suna can nesa a jiragensu. Na tsuguna kusa da shi na ce, "Baba ya yi magana."

Bai motsa ba. "Mi ya ce?"

"Ya ce ka wuce bahagon. Ya ce hannunka ya hi nashi nauyi."

Ya fiddo hannun daga ruwa a hankali. Ya tambaye ni yaushe, na ce jiya bayan azahar. Ya tambaye ni a ina, na ce a tsakar gida yana wasa wuƙa. Ya ce in maimaita yadda ya faɗa, kalma bayan kalma, na tsara masa, har da yadda Baba ya yi gyaran murya kafin ya fara. Ya ce, "Wa ya ji bayan kai?" Na ce babu, mu biyu ne. Na kuma roƙe shi ya bar ta a cikinsa, don ya san halin tsohon.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya yi dariya, sannan ya ɗebi ruwa ya wanke fuska, ya daɗe yana wankewa. Muka dawo gida tare yana tafiya a hankali.

Kwana shida ya zauna. Ya sussuke gyaɗarsa, ya gyara dangar kakarmu, aka yi kiɗa a Safo bai ko ɗaga kai ba. Na ga ya ci tuwo a zaune, har ya yi loma yana hira. Ni kuwa ina ta yaba wa kaina, ina cewa abin da tsofaffi biyar suka kasa na gama shi a zama ɗaya.

Ranar kasuwa ta zagayo. Na taso daga lakwal da rana na biya rumfa, na iske tsofaffin gawo sun buɗe tsohuwar gardama. Ɗayansu yana cewa yaron ya yi ƙoƙari, amma bahago daban ne, da saura. Da ma Yaya yakan ji irin wannan ya haɗiye. Ranar sai na ga ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a jikin riga, ya zagayo gaban rumfa. Ya durƙusa ta gefen hagu na Baba, inda kunne yake ji.

"Baba," ya ce, kansa a ƙasa, "na gode da maganar da anka kawo mani."

Tsohon mai sanda ya ce, "Wace magana, yaro?"

"Ya ce na wuce bahagon Safo."

Duk suka dubi Baba, har masu sayen nama. Na san Yaya ba don fahariya ya yi ba. Shekara huɗu ana auna shi a bainar jama'a, yana so ne a rufe awon a inda aka buɗe shi. Baba ya tsaya da sara a hannu. Bai dubi Yaya ba, ni ya duba, kallo ɗaya, sannan ya mai da ido kan naman.

"Ni ban ce ba," ya ce.

Gaskiya ya faɗa, kuma ko da ya so rufa mini asiri ba shi da hanya, don amsawa yabon ɗan fari ne a tsakiyar kasuwa. Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. Yaya ya ɗan jima a durƙushe. Da ya miƙe sai ya juyo da kai duka ya dube ni da idon mai kyau. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni ko ya kai mini hannu, da na fi samun sauƙi. Ya shiga gida ya ɗauki ƙyallensa da zarensa da riga ɗaya. Kafin la'asar yana saman kamyon gyaɗa mai zuwa Ɗan Isa. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba nawa idon ba.

Sati uku Baba bai yi mini magana ba. Ranar da ya yi, muna zuba gero a rumbu ne, mu biyu, ina miƙa masa dami yana jerawa. Daga cikin rumbun na ji muryarsa.

"Ƙaryar da ka yi ta hwaɗa kan gaskiya."

Na tsaya da dami a ka. Ya leƙo ya karɓa, ya ce in zauna.

"Ya wuce shi tun shekara biyu da sunka wuce," ya ce.

Na ce, "Baba, ƙaƙa ka sani? Ba ka taɓa ganin dambenai ba."

Sai ya gaya mini abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun nan. Duk wanda Yaya ya kayar a kusa, washegari Baba yakan ɗauki ɗan nama a ganye ya je gaishe shi, kamar yadda tsohon ɗan dambe yake yi wa yaro. In sun zauna sai ya tambaye shi abu ɗaya: me ka ji lokacin da kake faɗuwa?

"Ni ranar Safo na ji kalangu," ya ce. "Ina tahiya ƙasa ina jin kiɗa, har na ji wata mace ta yi salati. Su waɗanga ba su jin komi. Mutum goma sha na tambaya. Kowa ya ce shina tsaye shina kallon hannu, sai ya ga ana zuba mashi ruwa."

Na ce to me ya hana shi faɗa, ko ta bakin wani? Ya ce magana irin wannan tana da hanyarta. Uba ya gaya wa abokinsa, aboki ya gaya wa makaɗi, makaɗi ya sa ta a kiɗa, ɗa ya ji a fage ya san daga inda ta fito, ba wanda ya ji kunya. Ya ce yana jira ne Yaya ya kwance zare ya bar dambe, don ranar da aka ce bahago ba shi da na biyu, daga ranar kowane mai ƙarfi daga Gobir har Katsina ya riƙa zuwa nemansa, har suka gama da shi yana da sauran ƙuruciya. "Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa," ya ce. Ni na yi ƙarya don Yaya ya bari, shi kuma yana jiran ya bari kafin ya faɗi gaskiya. Na ce ya bar ni in kira tsohon mai sanda ya maimaita a gabansa. Ya ce bayan abin da ya faɗa a kasuwa, da wane baki? Ya koma cikin rumbu ya ce in miƙo dami.

Na aika saƙo ta bakin direbobi, ban san iyaka ba. Na ce a gaya masa ya zo gida akwai magana. Labarinsa yana zuwa, shi ba ya zuwa. A ce an gan shi a Jibiya, a ce Katsina, a ce ya yi yamma wajen Gusau. Ni ma zaman ya gagare ni. Ina cikin koyar da yara in na ji ƙarar kamyo sai in leƙa taga. Ranar hutu nakan hau keke har Ɗan Isa in tsaya a bakin duwan ina duban fuskokin masu saukowa, in dawo da ƙura a ƙafa. Sau biyu na sake roƙon Baba ya faɗa wa ko mutum ɗaya, sau biyu yana cewa sai wancan ya dawo ya kwance zare.

Shekarun fari suka shigo, dabbobi suka rame, dambe ma ya mutu a garin don ba wanda yake da ƙarfin ɗaga hannu. A shekara ta biyu Baba ya kwanta kwana tara ya rasu. Tsohon mai sanda ya riga shi da wata uku.

Yaya ya iso bayan an yi sadakar arba'in. Da ƙyar na gane shi. Idon hagu ya yi fari, hannun dama ya lanƙwashe ba ya buɗuwa, da hagu ya karɓi ruwa. Ya gaisa da Inna daga bakin ƙofa, ya je maƙabarta ya dawo. Washegari da safe na shimfiɗa mana tabarma a zaure, na ce ina da saƙo.

Na gaya masa duka. Rumbu, da dami, da naman da ake kaiwa a ganye, da tambayar da Baba yake yi wa waɗanda ya kayar, da kalangun Safo, da dalilin jiran. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, ban rage ba. Shekara biyar ina ɗauke da maganar nan ina maimaita ta a raina kada in manta yadda aka faɗe ta. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, yana shafa hannun da ya mutu.

"Wa ya ji bayan kai?" ya ce.

Na ce, "Babu, Yaya. Mu biyu ne."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Wancan karon ma haka ka ce."

Na rantse masa da Allah. Ya ce ba sai na rantse ba, ya san ina son sa da alheri. Sannan ya tambaye ni ko har yanzu da hantsi motar Ɗan Isa take tashi.